Yawon Ɗalibai a Gana: Me Ya Hana Motar Ƙarasawa Salaga?

Da zarar dogon hutu ya ƙarato, sai ka fara ganin sanarwa manne a allunan jami'o'i da manyan makarantun kuɗi: ƙungiyar ɗaliban sashen kaza za ta kai ziyara ƙasar Gana, mai sha'awa ya biya kafin ranar kaza, ya tanadi fasfo da katin rigakafin shawara. Gana ce ta fi dacewa da aljihun ɗan Najeriya. Ba a neman biza albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ba sai an hau jirgin sama ba, ana jin Turanci, ga shi kuma za a tsallake iyaka uku, a buga wa yaro hatimi a fasfo, ya dawo unguwa yana ba da labarin ƙasar waje. Jadawalin kuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. A kwana a Ankara, babban birnin ƙasar, a ziyarci kabarin Kwame Nkrumah, a wuce sansanonin Cape Coast da Elmina, a hau gadar sama ta dajin Kakum. Masu ɗan ƙarin kuɗi su haɗa da hawan dutsen Afajato da ganin ruwan Wli da ke zubowa daga kan dutse. Ranar ƙarshe kasuwar Makola da bakin teku, sai gida.

Ina cikin masu goyon bayan wannan tafiya, kuma ba na jin daɗin iyayen da ke kiran ta ɓarnar kuɗi. Gani ya kori ji. Ƙorafina ɗaya ne, amma babba ne: an yanke jadawalin a daidai gaɓar da labarin zai fara shafar mu. Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Zariya ko Sakkwato yakan je Gana ya ga muguntar Bature, ya zubar da hawaye, ya dawo bai san cewa a ƙasar nan akwai garin da kakanninsa suka yi shekaru aru-aru suna sauka, suna saye suna sayarwa, kuma cikin hajar har da mutane ba.

Bari mu fara da abin da ake nuna musu, don ya cancanci gani.

Turawan Fotugal ne suka gina sansanin Elmina a 1482, ƙarƙashin jagorancin Diogo de Azambuja, kuma babu wani ginin Turawa a kudu da Sahara da ya girme shi cikin waɗanda ke tsaye. Zinariya ce ta kawo su. Abin da ba kasafai ake gaya wa ɗalibai ba shi ne, a shekarun farko bayi shigowa suke yi ta Elmina: Turawan Fotugal kan sayo mutane daga gaɓar tekun Binin su kawo su nan, su musanya su da zinariya a hannun 'yan kasuwar ƙasar, waɗanda ke buƙatar masu dako da masu haƙa. Sai daga baya, da gonakin rake suka bunƙasa a Birazil da tsibiran Karibiyan, akalar ta juya. Turawan Holan suka ƙwace gidan a 1637, bayan sun ɗora igwa a kan tudun da ke fuskantar sa, suka riƙe shi har 1872 da suka miƙa wa Ingila. Na Cape Coast, wanda bai wuce tafiyar kilomita 13 daga nan ba, mutanen Siwidin ne suka fara kafa shi a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya zama hedikwatar Ingilishi a gaɓar, kafin a mayar da mulki Ankara a 1877. Hukumar UNESCO ta sa su duka cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, tare da sauran ƙananan sansanonin da ke jere a bakin tekun.

Wannan duk ana iya karanta shi a ɗaki. Abin da ba a samu sai an je shi ne yadda aka tsara ginin. A Cape Coast, ɗakin ibadar Turawa yana bisa kurkukun maza. A Elmina, barandar gwamna tana kallon tsakar gidan da ake fito da mata, kuma akwai matakala da ke tashi daga wajen zuwa ɗakinsa. Sama iska ce ta teku da faffaɗan tagogi, ƙasa duhu ne da 'yar kafar iska can kusa da rufi. Daɓen kurkukun Cape Coast ya yi kauri da abin da ya fita daga jikin mutane ya daskare shekara da shekaru. Akwai ɗakin da ake jefa waɗanda suka yi tawaye, ba ruwa ba abinci, an zana ƙoƙon kai a bisa ƙofarsa. Sai kuma 'yar ƙofar da ke buɗewa wajen teku, wadda mutum ɗaya kawai take ɗauka. Mai jagora yakan kashe fitila na ɗan lokaci, ɗaliban da suka shigo suna dariya su yi tsit. Masana sun ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 12.5 aka loda a jiragen da suka tsallaka Atilantika, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ta wannan gaɓar ta Gana suka fita. Ba na jin akwai malamin da zai iya cusa nauyin wannan adadi a zuciyar yaro da alli da allo kamar yadda duhun ɗakin nan ke yi cikin minti biyu.

Ba ni ma da faɗa da hotunan da suke ɗauka da waya bayan sun fito. Yara ne, kuma wanda ya firgita yakan nemi abin da zai riƙe.

Faɗana da tambayar da ba a yi ne. Baturen wancan zamani bai cika shiga cikin ƙasa ba, zazzaɓi kan gama da shi tun a bakin ruwa. Zaman haya yake yi, Turawan Holan sun daɗe suna biyan Sarkin Asante kuɗi a kai a kai. To, wa ya kawo mutanen da aka cusa a kurkukun? Daga ina? Ta wace hanya, kuma kwana nawa suka yi suna tafiya? Amsar da akan bayar a taƙaice ita ce daga cikin ƙasa aka kawo su. Daga nan sai direba ya danna oda, a ce lokacin Kakum ya yi. Ɗalibi ya tafi da hoton gida mai ƙofar fita amma babu ƙofar shiga.

Amsar gaskiya tana da faɗi. Da yawa daga cikin waɗanda aka sayar fursunonin yaƙi ne na faɗace-faɗacen da daulolin Akan suka yi a tsakaninsu: Denkyira, Akwamu, Akyem, Asante, Fante. Sannan a tsakiyar ƙarni na 18 Asante ta murƙushe Gwanja da Dagomba, ta ɗora musu harajin da ake biya har da bayi, su kuma suka riƙa kai hari kan ƙananan ƙabilun da ke arewa da su don su cika lissafi. Hanyar da ake koro waɗannan bayin Allah tana nan. Kimanin kilomita 40 arewa da Cape Coast, a kan titin Kumasi, akwai garin Assin Manso, inda ake nuna rafin da ake yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. A 1998 an binne ƙasusuwan mutum biyu a wurin, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka ce sun dawo gida. Awa guda ce a mota daga sansanin, amma jadawali da yawa ba sa tsayawa a nan.

Kakum kuwa, kada a ce na raina shi. Daji ne na gaske mai faɗin kusan murabba'in kilomita 375, kuma ga yaron da ya tashi inda itacen da ya sani shi ne dalbejiya da kuka, ganin itatuwan da sai an ɗaga kai har hula ta faɗi ilimi ne mai zaman kansa. Gadojin igiya bakwai ne da aka buɗe a 1995, suna lilo a tsakanin kawunan itatuwa, wani wurin tazararsu da ƙasa ta kai mita 40. A nan ake gane jarumin baki, kuma sau da yawa 'yan matan da aka yi ta yi wa tsiya a mota su ne ke ƙetarewa ba tare da sun waiwaya ba. Sai dai ina ganin malamai suna wasa da mafi amfanin ɓangaren, wato hawan tudun da ake yi kafin a isa gadar farko. Bai fi 'yan mintuna ba, amma zafin dajin mai ɗanshi ne, riga kan jiƙe sharkaf, numfashi ya yi sama. Haka ma hawan Afajato, wanda kan sa saurayi ya zauna a kan dutse yana haki. A daidai wannan lokacin ya kamata malami ya tsayar da su ya ce: daga Salaga zuwa ƙofar nan da muka gani jiya tafiyar kusan kilomita 500 ce, a ƙafa, a ɗaure, ba takalmi. Ku da kuka ci karin kumallo kuka riƙe robar ruwa, ku lissafa. Tattakin da aka sa a jadawali don nishaɗi zai iya zama ma'aunin da ɗalibi zai auna tarihi da jikinsa, ba tare da an ƙara ko sidi ɗaya ba.

Yanzu sai Salaga.

Duk Bahaushen da ya taɓa jin an ce goron Gwanja, ko fataken Gwanja, to wannan garin ake nufi da kewayensa. Goro a dajin Asante yake fitowa, amma a mafi yawan ƙarni na 19 sarakunan Asante ba sa barin baƙin arewa su shiga dajin da kansu, sai dai a haɗu a kasuwannin bakin iyaka, kuma Salaga ce babbarsu. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Jega bayan damina, da madugu da jagaba da uban dawaki, da jakuna da alfadarai da 'yan alaro, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, a ratsa Bargu ta Nikki, a bi Zugu, a faɗa Sansanin Mango, a sauka Yandi, sannan Salaga. Watanni ake yi a hanya, wani zuwa da dawowa sai ya cinye shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da wannan fatauci. Suna kai kanwa, da turkuɗi da sauran tufafin rini, da jar fata, da gabu, da dabbobi, su ɗauko goro. Kuma suna kai bayi, suna sayen bayi, wasu don su ɗauko musu kayan zuwa gida. Wannan ba zargi ba ne, abin da ke rubuce ne a littattafan tarihin fataucin, kuma garin da kansa bai ɓoye ba. Har yau ana nuna wa baƙo rijiyoyin da ake shayar da su, da wurin da ake kira Wankan Bayi, da Rafin Angulu inda ake jefar da waɗanda suka mutu. Da Hausa aka raɗa sunayen, ɗalibinmu ba ya buƙatar tafinta.

A nan dole a yi adalci, don akwai masu son a ƙara gishiri. Lokacin da fataucin Hausawa ya kai ƙololuwa a Salaga, Ingila ta riga ta haramta wa jiragenta cinikin bayi tun 1807, Holan ta bi sahu a 1814. Saboda haka yawancin waɗanda aka sayar a kasuwar a ƙarni na 19 ba su ga teku ba, a gonaki da ma'adinai da gidajen Asante da na gaɓa suka ƙare, wasu kuma aka yo arewa da su. Wanda ya gaya wa ɗalibai cewa madugan Kano ne suka cika kurkukun Elmina ya yi musu ƙarya. Amma wanda ya bar su da tunanin cewa bauta ta mutu ran da Bature ya rufe ƙofarsa, shi ma bai faɗa musu gaskiya ba. A Arewacin Najeriya sai 1936 aka soke ta ɗungurungum a dokance. Kalmomin rinji da murgu da bacucane da fansa ba daga jirgin ruwa suka sauko mana ba.

Kuma Salaga ba kasuwar bayi kaɗai ba ce, wannan ma dalili ne na zuwa. Gari ne na malamai. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a can kafin ya koma Kete-Karaci inda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce na Hausa da Larabci da har yanzu ake nazarin su a jami'o'i, cikinsu har da bayanin zamantakewar Hausawa da zuwan Nasara. Ɗaliban sashen Hausa kan haddace sunansa don jarrabawa, a kai su Gana, a dawo da su ba su taka inda ya zauna ba. Yaƙin basasar 1892 ne ya watsa garin, fatake suka bazu zuwa Karaci da Yeji da Kintampo da Kumasi da Ankara, kuma daga wannan watsewar zangunan Gana da yawa suka ƙara cika. Alhassan Ɗantata, ɗan madugu daga Bebeji, a wannan fataucin goron ya fara tara abin da ya tara, yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas maimakon bin ƙasa. Yaron Kano da ke wucewa ta Koki da Sarari kullum ya kamata ya san inda igiyar ta faro.

In aka ƙara gaba zuwa Yandi, akwai kabarin Babatu, kuma wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu na Nijar. Shi da mutanensa Zabarmawa ne da suka zo ƙasar Dagomba wajen shekarun 1860, da farko fataucin dawaki da yaƙin haya, daga baya suka kafa rundunar kansu ƙarƙashin Alfa Hano, sai Gazari, sai Babatu, suka shafe shekaru suna kai hari ƙasar Gurunsi suna kwasar mutane. Faransawa suka karya su a 1897, Babatu ya ƙare rayuwarsa a Yandi a 1907. Wani Malam Abu ya rubuta labarinsu da Hausar ajami. Amma a Sandema, mutanen Builsa suna bikin Feok duk watan Disamba, suna rawar yaƙi da hular ƙaho, suna tuna ranar da kakanninsu suka kore shi. A Gwollu akwai ragowar katangar da aka gina don tsoron mahara. Ɗalibin da ya tsaya a ɗaya daga cikin waɗannan wurare zai ji yadda sunan mahayin doki mai rawani daga arewa yake a kunnen wasu mutane. Ba daɗi, amma ilimi ne da ba zai samu a Dala ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma jadawalin da muke bi yanzu tsayawa ne a kan namu muna hangen na Bature.

Abin ban haushi, ko ɓangaren da Bahaushe ne aka zalunta, shi ma motar wuce shi take yi, galibi ɗaliban na barci. Tsakanin Kwatano da iyakar Togo, kilomita 40 kacal daga Kwatano, akwai garin Wida. Ta wannan gaɓar, da Legas da Badagiri da Porto-Novo, aka fitar da akasarin Hausawan da suka tsallaka teku, musamman bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo jihadin 1804. Su ne suka tayar wa masu gonakin rake hankali a Bahiya ta Birazil a 1807 da 1809 da 1814, kuma da su aka yi boren Musulmi na birnin Salvador a watan azumin 1835, wanda aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Muhammadu Gardo Bakwakwa, ɗan Zugu wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, ta wannan yankin aka loda shi zuwa Birazil wajen 1845, ya tsere a New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a 1854. A Wida akwai hanyar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 4 daga tsakiyar gari zuwa bakin ruwa, wadda bayin suka bi. Tattakin awa ɗaya ne. In ana neman wurin da ɗalibin Hausa zai yi wa nasa kuka, ya fi kusa da nan.

Akwai ma wani zaren da ya ɗaure abin gaba ɗaya. A 1863 wani Baturen Ingila, John Glover, ya tara tsirarun masu jin Hausa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudu, ya ba su bindiga. Daga wannan 'yar runduna sojan Najeriya ke lissafa asalinsa. An kai su yaƙin Asante na 1874, wanda aka ƙone Kumasi a cikinsa, kuma da irinsu aka kafa rundunar tsaron Gana ta mulkin mallaka a 1879. A Elmina ana nuna wa ɗalibai ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan kama shi a 1896, kafin a kai shi Saliyo, sannan tsibirin Seshel, inda bai dawo ba sai 1924. Ba a cika gaya musu cewa da dakarun da ake kira Hausa aka yi waɗannan yaƙe-yaƙe ba. Wato a ƙasa ɗaya Bahaushe ya zama falke, ya zama malami, ya zama mai sayen bawa, ya zama bawan da ya gudu, ya zama sojan Bature. Wace ƙasar waje ce kuma za ta ba ɗalibinmu wannan duka a mako guda?

Na san abin da masu shirya tafiyar za su ce. Na farko kuɗi: naira ta faɗi, kowane ƙarin kwana ƙarin masauki ne da mai da abinci. Gaskiya ne. Amma Ankara ce mai tsada, kuma a nan ake kashe kwana biyu ko uku, ɗaya a kantuna ɗaya a bakin teku. Wanda ya zo daga ƙasar da ke da Legas da kasuwar Kwari bai rasa kanti ba. A rage na Ankara, a ba arewa. Daga Cape Coast ta Assin Manso a kwana a Kumasi, a shiga gidan tarihi na fadar Manhyia, inda a 2024 aka baje kayan zinariyar da Ingilishi suka kwashe, waɗanda gidajen tarihin Landan suka dawo da su, a matsayin aro wai. Wannan kalma ta aro kaɗai ta isa muhawarar dare guda tsakanin ɗaliban shari'a. Daga Kumasi sai arewa. Masauki a Tamale bai kai na Ankara tsada ba, kuma in ana son tattaki na gaske, a dajin Mole ana yawo a ƙafa tare da mai gadi ana ganin giwaye, ga tsohon masallacin ƙasa na Larabanga a bakin hanya.

Na biyu tsaro. Babu mai hankalin da zai ce a bi da ɗalibai tsohuwar hanyar fatake ta Bargu da arewacin Benin da Togo a halin da ake ciki. Ta kudu za a shiga, a hau zuwa arewa a cikin Gana, kuma a tambayi hukuma halin da kowane yanki yake ciki kafin a tashi.

Na uku ya fi nauyi, kuma daga iyaye da wasu malamai yake fitowa: me ya sa za a ɗora wa yara kunyar abin da ba su aikata ba, a kuma ba masu ƙin mu sanda? Ni ban ga kunya a nan ba. Mun daɗe muna karanta wa 'yan sakandare Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda labarin hari da bauta da ayarin Sahara ne tun daga farko har ƙarshe, babu wanda ya lalace. A Cape Coast akwai allon da sarakunan gargajiyar Gana suka sa aka kafa don tunawa da waɗanda aka zalunta da alkawarin kada a sake, ba su ce ba ruwansu ba. Kuma yaron da bai ji daga bakin malaminsa ba zai ji daga bakin wani a intanet, cikin zagi, ba shi da amsa. Bayan shekarun da aka yi an cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantun Najeriya kafin a dawo da shi, akwai ɗalibin jami'a da wannan tafiya ce kaɗai darasin tarihin Afirka ta Yamma da zai taɓa samu. Bai kamata a ba shi rabi ba.

Akwai kuma masu cewa a fara da gida, a ga Gidan Makama da Kufena da Sukur da abin da ya rage na ganuwar Kano tukuna. Na yarda, kuma ba sai an zaɓi ɗaya ba. Yaron da aka zagaya da shi kasuwar Kurmi aka nuna masa inda ayari ke sauke kaya zai fi gane Salaga in ya gan ta.

Nauyin dai a wuyan malaman da ke rakiya yake, kuma a nan zan ɗan taɓa su. Da yawa aikinsu a tafiyar bai wuce ƙirga kawuna da riƙe fasfo da faɗa da jami'an kan iyaka a Seme da Aflawo ba. Aiki ne mai wahala, na sani, amma na ɗan rakiya ne. Malami ya raba wa ɗalibai taswira tun a gida, kowane rukuni ya ɗauki zango ɗaya na hanyar ya karanta, in an isa wurin su ne za su yi bayani kafin mai jagora ya buɗe baki. Ya kuma aika tun da wuri ga sarkin zango ko limamin unguwa a Kumasi ko Salaga, ko Sabon Zango da Nima a Ankara, a nemi izinin kai gaisuwa. Ɗalibai su durƙusa su ce ranka ya daɗe, su ce Baba, daga wane gari kakanku ya taso, kuma me ya zaunar da shi nan? Za su ji Hausar da ta ɗan bambanta da tasu, za su ji sunayen garuruwansu a bakin dattijon da bai taɓa ganin su ba. Wataƙila ma a ba su labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi, su kuma su tuna 1983 da Najeriya ta rama, wanda daga nan jakar da rabinsu suka zuba kaya a ciki ta samo sunanta.

Ga mai son gwadawa, hanya biyu ce zuwa Salaga daga Kumasi. Ko a zagaya ta Tamale, a gangaro kudu maso gabas tafiyar kimanin kilomita 120, ko a bi ta Yeji a ƙetare tafkin Volta a babban jirgin fito zuwa Makango, wanda ya fi kusa kuma ya fi dacewa da tsohuwar hanyar goro. Tafkin bai daɗe ba, madatsar Akosombo ce ta haifar da shi a tsakiyar shekarun 1960, ya shanye garuruwa da dama har da tsohuwar Kete-Karaci. In za a bi ta Yeji, a tabbatar da lokacin tashin jirgin tun kafin a bar Kumasi, kuma ko an makara kada a yarda a zuba ɗalibai a ƙananan kwale-kwale. Kututturan itatuwan da ruwan ya shanye suna nan a ƙarƙashi, sun sha kifar da jirage. In babban jirgin ya wuce, a kwana a Yeji ko a juya ta Tamale.